Kafin kwamitin makaranta ya sayi lasifika, ya ji labarin tsofaffin monita

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, kwamitin COGES na makarantar da nake koyarwa ya yanke shawarar sayen kayan sauti. Babu wanda ya yi musu, domin buƙatar a fili take. Akwai ɗaga tuta da safe, inda darekta ke yi wa ɗaruruwan ɗalibai jawabi da maƙogwaronsa kawai. Akwai taron iyaye da bikin raba sakamako, ga kuma malamin Ingilishi da ya daɗe yana roƙon a samo masa abin da yara za su riƙa jin muryar masu harshen da shi. Kuɗin kuwa iyaye ne suka tara dala-dala, na san wadda sai da ta sayar da tiyar gero kafin ta kawo nata kason. Aka wakilta mutum biyu suka je kasuwa, suka dawo da akwatuna biyu masu tsayin yaron CM2, da fitilu ja da shuɗi masu walƙiya, an rubuta 5000 W da manyan haruffa a jikinsu.

Ranar gwaji kowa ya yi murna. Aka sa kiɗa, kwanon rufin aji ya ɗauki rawa, yara suka yi ta tsalle. Sai darekta ya karɓi makirfo ya fara kiran suna, nan fa ido ya raina fata: na sahun baya ba su san ko Salisu aka kira ko Sanusi ba. Murya na fita kamar daga cikin randa. Aka ƙara murɗawa, abin ya ƙara dagulewa. Kafin wata uku, ɗan ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti a akwati ɗaya ya ƙone. Ban kawo wannan don in zargi waɗanda aka aika ba. Ni ne malamin kimiyya a makarantar, ina zaune a taron da aka yanke shawarar, kuma ban ce uffan ba, don ni ma a lokacin 5000 ɗin nan ta burge ni.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne mai gyaran radiyo a unguwarmu, da ya yi shekaru yana aikin haɗa sauti a wani gidan radiyo kafin ya yi ritaya. Da na kai masa akwatin da ya ƙone, ya leƙa ciki ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai ganga kuka sayo, alhali baki kuke nema." Ya zaunar da ni a shagon, ya kunna mini wasu ƙananan akwatuna biyu na katako, tsofaffi, waɗanda da a gwanjo na gan su ko tayawa ba zan yi ba. Labaran rana ake karantawa. Sai da na waiwaya, na ɗauka mai karatun yana cikin shagon. Na ce, "Baba, waɗannan wat nawa ne?" Ya ce, "In ka ba su fiye da 30 ka kashe su." Tun daga ranar nake bin labarin irin waɗannan lasifikoki da ake kira monita, kuma ina ganin akwai abin da malamai da iyaye za su tsinta a ciki kafin wani kwamitin ya sake zubar da kuɗin gero.

Monita lasifika ce da ake ajewa a situdiyo, inda ake naɗar waƙa ko shirin radiyo, don mai haɗa sauti ya ji ainihin abin da ya naɗa. Aikinta irin na mai gyaran takardun jarrabawa ne, ta nuna kuskure inda yake ko da ba a so. Daga shekarun 1940 zuwa ƙarshen 1970 an ƙera wasu a Ingila da Amurka da Japan waɗanda har yau masu sha'awa ke jayayya a kansu, kuma jayayyar kullum a kan abu uku take: launin muryar kowace, yadda take ɗaukar hawa da saukar sauti daga raɗa zuwa tsawa, da irin ampilin da take buƙata, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika.

Waɗanda dattijon ya kunna mini sunansu LS3/5A, kuma BBC ce ta tsara su, gidan radiyon nan da iyayenmu ke sauraron sashensa na Hausa tun 1957. Sashen bincikenta ne ya fito da su wajen 1975, saboda motocin da ake fita da su ɗauko shiri daga waje, inda babu wurin ajiye babban akwati kuma mai aiki yana zaune dab da lasifika. Tsayin akwatin kamar santimita 30 ne, faɗinsa 19, cikinsa bai wuce lita 5 ba. Bakuna biyu gare shi, duka na kamfanin KEF: babba mai faɗin milimita 110 da ake kira B110, da ƙarami T27. BBC ba ta ƙera su da kanta don kasuwa ba, lasisi ta ba wasu kamfanoni irin su Rogers da Chartwell, daga baya Spendor da Harbeth, da sharaɗin duk wadda aka yi ta yi daidai da samfurin, ta yadda in ɗaya ta lalace a mota za a ɗauko wata daga rumbu a haɗa ba tare da an ji bambanci ba. Spendor da Harbeth ɗin ma tsofaffin injiniyoyin BBC ne suka kafa su, Spencer Hughes da Dudley Harwood, kuma kowannensu ya haɗa sunansa da na matarsa ya raɗa wa kamfanin.

Abin da aka fi yabonta da shi muryar ɗan Adam ce. Mutanen da suka tsara ta magana suke watsawa dare da rana, kuma ba a yaudarar kunne a kan murya, domin kowa ya san yadda mutum ke magana. Ba ta sa wa murya hanci, ba ta sa mata randa. Amma abin da ta biya kafin ta samu haka ba kaɗan ba ne. Gurnanin ƙasa, wanda yara ke cewa bas, ba ta da shi sosai. An ɗan kumbura mata sauti a wajen karkarwa 100 da ƴan kai a daƙiƙa don kunne ya ɗauka akwai, a ƙasa da 70 kuwa ta sallama. Sannan ba ta iya ihu. In aka matsa mata, babban bakin ya kai iyakar motsinsa, sai tsawa da raɗa su koma kusan ɗaya. Ga ta kuma da cin wuta.

A nan ne lambar da ta fi wat muhimmanci ke shigowa, kuma ita ce ba a rubuta wa da manyan haruffa. Ana ba lasifika wat ɗaya tak, a tsaya nisan mita ɗaya a auna ƙarar da ta fitar da ma'aunin desibel. Wannan shi ne saurin amsa wutarta. LS3/5A tana ba da kamar 82 zuwa 83. Yamaha NS-10M tana ba da 90, JBL 4311 wajen 91, Altec 604 kuwa kusan 100. Ga mai kallon lamba, 83 da 100 ba su yi nisa ba. To amma desibel ba ya tafiya kamar kilo. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wuta sau biyu, ƙarin 10 sai an ninka ta sau goma, kuma wannan ninki goman kunne yana jin sa ne kamar an ninka ƙara sau biyu kawai. Tazarar 17 da ke tsakanin ƙaramar BBC da Altec tana nufin abin da Altec za ta yi da wat ɗaya, ita sai an ba ta wat 50, wanda ba za ta ma iya ɗauka ba.

Malaman lissafi su gwada wannan da ƴan ajinsu. A fili inda babu bango, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara na raguwa da desibel 6. Daga mita 1 zuwa 16 ninki huɗu ne, an rasa 24. LS3/5A da wat 25, wato ƙarin desibel 14 a kan 83 ɗinta, za ta isa ga yaron da ke mita 16 da desibel 73, kuma iyakar ƙoƙarinta ke nan. Altec da wat ɗaya za ta isa gare shi da 76. Wanda ya tambayi wat kawai bai tambayi rabin zancen ba.

Me ya sa BBC ba ta yi tata mai saurin amsawa ba? Akwai wata ƙa'ida da masu ƙira ke dangantawa da Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka: ƙaramin akwati, gurnani mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai za ka samu a cikin ukun nan. BBC ta zaɓi ƙanƙanta ta sadaukar da wuta. Altec ta zaɓi ƙarancin cin wuta, don haka akwatinta ya kusa girman firji.

Altec 604 ta fito a 1944, zamanin da ampili na kwalaben wuta ne, kuma wanda ya samu mai wat 15 ya samu babba. Babban bakinta inci 15 ne, a tsakiyarsa kuma aka huda aka fito da ƙaho wanda ke ɗaukar siririn sauti, saboda duka sautin ya fito daga wuri ɗaya. Ƙahon nan ɗan'uwan wanda muke gani a kan hasumiyar masallaci da motar masu shela ne, dabara ɗaya ce: ƙaho yana haɗa ɗan ƙaramin motsi da iska mai yawa, sai wuta kaɗan ta yi aiki mai yawa. Shekaru da dama ita ce sarauniyar situdiyoyin Amurka. Wajen hawa da sauka babu kamarta a cikin waɗannan: bugun ganga na zuwa kamar mari, ba ta numfashi sama-sama. Laifinta launi. Ƙaho na da wata ƴar hanci-hanci da tsini a tsakiyar sauti, kamar mai magana ta cikin tafin hannu, kuma wanda ya kauce daga gabanta ya rasa siririn sautin. Wani abin kuma, saboda saurin amsawarta, duk wani huci ko gunaguni da ampili ke yi a ɓoye sai ta tona shi. Ba ta neman ampili mai ƙarfi, mai tsabta take nema.

Ingila ma ta yi irin wannan dabarar. Kamfanin Tannoy, wanda Guy Fountain ya kafa a Landan a 1926, ya fito da tasa a 1947, sai dai shi bai sa ƙaho dabam ba, ya bar mazurarin babban bakin ya zama shi ne ƙarashen ƙahon. Wannan ya rage hancin, ya kuma sa sautin ya bazu daidai ta ko'ina. Samfurin Monitor Gold na 1967 yana cikin waɗanda ake nema a yau. Tana amsa wuta sama da desibel 90, muryarta na da kauri da ɗumi, ampili mai wat 20 ko 30 ya wadatar da ita a ɗaki. In da za a ce in zaɓi ɗaya in zauna da ita, ita zan ɗauka, don ita ce ta fi kusa da haɗa gaskiyar murya da ƙarfin ƙirji. Kamfanin ya yi suna da lasifikokin shela har Ingilishi suka koma kiran kowace lasifikar tasha ko filin wasa tannoy, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu omo.

JBL kuwa, sunan James B. Lansing ne, mutumin da sunansa ke cikin Altec Lansing kafin ya fita ya kafa nasa a 1946. Samfurin 4310 na 1968 da ƙanwarsa 4311 bakuna uku gare su, babban inci 12 ne mai farin mazurari, akwatin kuma da rami a gaba don ƙara gurnani. An yi wa gidaje irinta da sunan L100 a 1970, ta kuma yi kasuwa ƙwarai. Ita ce mai faranta rai a cikinsu: bas mai naushi, tsakiya mai fitowa gaba, kiɗa ya yi armashi ko da ampilin matsakaici ne. Amma ni ina ganin tana da ɗan son zuga. Takan ƙara wa abu gishirin da ba a sa masa ba, kuma a kan murya zalla ba ta kai ƙaramar BBC gaskiya ba. Akwatunan da muka sayo jikokinta ne na nesa, sun gaji naushin sun bar sauran.

Labarin da ya fi ba ni dariya na Yamaha NS-10M ne. A 1978 aka yi ta a Japan don ɗakunan zama, kuma masu sayen kayan gida ba su yi marhabin da ita ba: bas kaɗan, ga tsini a wajen karkarwa 1500 zuwa 2000 mai gajiyar da kunne. Sai masu haɗa waƙa suka gano cewa wannan tsinin yana tona duk wani aibu da ke cikin murya, kuma waƙar da ta yi daɗi a kanta za ta yi daɗi a ko'ina. A shekarun 1980 da wuya ka shiga babban situdiyo ba ka ga fararen bakunanta biyu kwance a kan teburin haɗa sauti ba. Wasu, irin su Bob Clearmountain, har takardar goge hannu suke rufa wa ƙaramin bakin don rage kaifinsa, aka kuma yi ta gardama a kan wace irin takarda ta fi. An daina ƙera ta a 2001. Sirrinta da ya shafe mu shi ne akwatinta rufaffe ne ruf, ba rami. Lasifika mai rami tana ci gaba da gurnani na ɗan lokaci bayan sautin ya wuce, rufaffiya kuwa da an tsaya ta tsaya. Ga ajin siminti mai rufin kwano, wanda shi kansa yake riƙe sauti yana maimaitawa, wannan tsayawar ta fi bas amfani. Ko da yake a takarda wat 25 zuwa 50 aka rubuta mata, masu aiki da ita kan haɗa ta da ampili mai wat 100 ko fiye, zan kuma zo kan dalilin.

Akwai ma wata ƴar mitsitsiya, Auratone 5C, akwati mai baki ɗaya da bai fi tafin hannu ba, ba bas ba siriri. Da ita Bruce Swedien ya riƙa duba waƙoƙin faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, don ya ji yadda za su fito a ƙaramar radiyon talaka.

To me ya sa ake ba ƙaramar lasifika babban ampili, kuma me ya ƙona tamu? Magana da kiɗa ba a miƙe suke tafiya ba. Ƙololuwar sauti takan fi matsakaicinsa da desibel 10 zuwa 20, wato in matsakaicin yana cin wat ɗaya, ƙololuwar na iya neman wat 10 har 100 na ƙiftawar ido. Ampilin da ba shi da wannan rarar sai ya yanke kan igiyar sautin. Yankewar nan ita ce ƙarar gwangwani da muke ji a wajen biki, kuma tana tura wa ƙaramin baki zafin da ba a yi shi don ɗauka ba. Sau da yawa ƙaramin ampilin da aka murɗe har ƙarshe shi ke kashe lasifika, babba da aka bari a rabi bai taɓa ta ba. Dattijon ya juya mini bayan akwatinmu ya nuna mini ƴar takardar da ke kusa da igiyar wuta: abin da na'urar ke ja daga bango duka-duka wat 60 ne. Ba yadda za a yi abin da ke shan 60 ya riƙa fitar da 5000. Wat 5000 a kan wutarmu ta bolt 220 ya haura amfiya 22, kamar a kunna dutsen guga biyar a soket ɗaya, siririyar igiyar nan da tuni ta narke. Irin wannan lamba, da akan rubuta wa PMPO a gefe, ta talla ce. Wadda ake iya dogara da ita ita ce mai RMS, in ma an rubuta ta da gaskiya.

Sai batun om, wato yadda lasifika ke tare wuta. LS3/5A ta farko om 15 ce. Ba ta wahalar da ampili, amma ampilin da ke ba da wat 50 a om 8 kusan rabin haka zai ba ta. Matsalar da ta fi yawa a makarantunmu kishiyar wannan ce: a ɗauko lasifika huɗu masu om 8 a jona su duka a baki ɗaya, su koma om 2, ampili ya yi zafi a watan Afrilu da ko mutum ma neman inuwa yake, ya mutu a tsakiyar jawabin baƙo.

Na san abin da wani zai ce: ina ruwan makarantar da yaranta ke zaune a ajin zana da kayan situdiyon Landan? Da gaskiyarsa in yana nufin mu je mu saya. Ban ce a saya ba, kuma zan hana duk kwamitin da ya yi niyya. Tsofaffin LS3/5A masu lafiya yau sun fi sabon babur tsada a kasuwar masu tara kayan da. Dattijon ma nasa ya tsince su ne lokacin da ake fitar da tsofaffin kaya a wurin aiki, kuma ya ce ko an taya ba zai sayar ba. Ga shi kuma kayan da suka shekara 40 ko 50 ba sa son ƙasarmu: soson da ke zagaye da bakin wasunsu yakan ruɓe, zafi na busar da ƙananan kayan cikinsu, ƙurar hunturu na shiga inda waya ke motsi, gara kuma ba ta san Tannoy ba. Mai sayen tsohon ampili a gwanjo ya duba bayansa da kyau, domin na Japan bolt 100 ne, na Amurka 120, in ka soka su a tamu sai hayaƙi.

Amma makarantar da ba ta da kuɗi ita ce ta fi buƙatar sanin abin da mutanen nan suka sani, don ita ba ta da damar saye sau biyu. Kuma abin da suka sani shi ne kowace lasifika an yi ta ne don wani aiki da wani wuri. BBC ta san a mota za a saurari murya, Altec ta san wutarta kaɗan ce ɗakinta babba. Mu ba mu tambayi kanmu komai ba.

Aikin makaranta kuwa kusan dukansa magana ce. Ƙarfin murya yana cikin wasula, a ƙasan sauti, amma ganewa tana cikin baƙaƙe, kuma yawancinsu suna can sama, daga karkarwa 2000 zuwa 4000 da abin da ya fi. Shi ya sa tsohuwar wayar tarho, da ba ta ɗaukar komai ƙasa da 300 ko sama da 3400, ake gane magana a cikinta sarai. Karin sautin Hausa, wanda ke raba kukan yaro da kukar miya, kusan kowace lasifika na fitar da shi. Abin da bas mai yawa ke binnewa shi ne bambancin sara da tsara da shara, ko kasa da ƙasa. Babba yakan cike giɓin da hankalinsa don ya san zancen. Yaron da ake yi wa dikte da Faransanci, harshen da bai tashi da shi ba, ba shi da abin cikewa: in bai ji bambancin poisson da poison ba, kuskuren a takardarsa zai fito, jan biro kuma shi za a sa wa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35, kada kuma amsa-kuwwar ɗaki ta wuce kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. Azuzuwanmu na kwano sun yi nisa da wannan, sai mu kuma mu ƙara musu ganga.

Akwai kuma kunnuwan yaran su kansu, kuma a nan da iyaye nake. Ma'aunin da hukumar ta bayar ga manya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, don haka a desibel 100, wanda gaban lasifikar biki ke kaiwa cikin sauƙi, kason mako guda yana ƙarewa cikin mintoci. Su wa ke zama dab da akwati a kowane bikin makaranta da na unguwa? Ƙanana, don su ake turawa gaba. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma yaron ba zai ce ba ya ji ba, sai dai a ce ba ya mai da hankali.

Matasan malamai sun ce mini biki ba bas ai ba biki ba ne. Na yarda, ni ma ba dutse ba ne. Amma biki sau ɗaya ne ko biyu a shekara, ana iya hayar kayan kiɗa na yini guda. Ɗaga tuta da darasi kullum ne.

Da a ce yau za a sake aike na kasuwa, ga yadda zan yi. Don fili, zan nemi lasifikar ƙaho irin ta masu shela. Muryarta ba daɗi, kiɗa a cikinta abin tausayi ne, amma tana amsa wuta sama da desibel 100, ampili mai wat 20 ko 30 a kan batirin sola ya ishe ta, kuma baƙaƙen magana take turawa nesa. A ɗaga ta sama da kawunan yara, a karkata ta wajen sahun baya. Don ajin harshe, ƙananan akwatuna biyu masu nauyi a hannu, rufaffu in an samu, da ampilin gaskiya mai wat 30 zuwa 50 da ba za a taɓa murɗewa har ƙarshe ba. Kuma ba zan bari mai shago ya gwada mini da waƙarsa ba, don ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Zan je da muryar malaminmu a waya yana karanta kalmomi 20 masu kama da juna, in tafi da ɗalibi ɗaya, in tsayar da shi taku 15 daga lasifikar da takarda da biro. Wadda ya fi rubuta daidai a kanta ita za mu ɗauka, ko da ita ce mafi muni a ido.

Namu dai dattijon ya canza ƙaramin bakin da ya ƙone, ya sa masa ƴar fis, ya mai da maɓallin bas ƙasa ya liƙe shi da salatif don kada yara su taɓa. Muka ɗora akwatunan a kan tebur maimakon ƙasa, yanzu ana jin darekta har wajen rabin fili. Maganar ƙaho tana cikin ajandar taron kwamiti na farkon shekara, kuma na roƙi a gayyato dattijon ya zauna da mu kafin a fitar da ko dala.